Kyamara a Matsayin Shaida: Tarihin Ɗaukar Bidiyon 'Yan Sanda a Amurka Daga Rodney King Zuwa George Floyd

Gabatarwa

A kowace ƙasa akwai mutanen da doka ta ba wa izinin kama mutum, da sa masa ankwa, da dukansa idan ya yi turjiya, har ma da harbinsa idan hali ya kai ga haka. Matsalar da ta daɗe tana damun masu shari'a ita ce, idan aka zargi ɗan sanda da wuce iyaka, galibi shi ne ya yi aikin, shi ne ya rubuta rahoton abin da ya faru, abokan aikinsa kuma su ne shaidu. Wanda aka daka ko dai ya mutu, ko kuwa yana tsare ana tuhumarsa da laifi, maganarsa ba ta da nauyi a gaban alƙali.

Wannan maƙala ta bi tarihin abin da ya faru a Amurka cikin shekara 30, tun daga 1991 zuwa 2021, lokacin da kyamara ta shiga hannun talaka. Abin da tarihin ya nuna shi ne, kyamara ta ba mutumin da ba shi da muƙami damar ɗaukar shaidar da ba a iya yin watsi da ita, amma ba ta taɓa yanke hukunci da kanta ba. Hukunci ya ci gaba da dogara a kan ma'aunin doka, da waɗanda suka fassara hoton, da waɗanda suka yarda su tsaya a kotu su faɗi gaskiya.

Kafin kyamara ta shiga hannun talaka

Hotunan 'yan sanda suna dukan baƙaƙen fata ba sabon abu ba ne a Amurka. A 1963 duniya ta ga yadda aka cuna wa masu zanga-zanga karnuka, aka kuma feshe su da ruwan kashe gobara a birnin Birmingham na jihar Alabama. A ranar 7 ga Maris 1965 an nuna a talabijin yadda 'yan sandan jihar suka far wa masu tattaki da kulake da barkonon tsohuwa a kan gadar Edmund Pettus da ke Selma, kuma watanni biyar bayan haka aka sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe. Sai dai 'yan jarida ne suka ɗauki waɗannan hotuna, da manyan kayan aiki, a wurin taron da aka san ranarsa da wurinsa. Abin da ke faruwa da tsakar dare a gefen hanya, tsakanin direba ɗaya da 'yan sanda, babu ɗan jaridar da ke halartarsa. Wannan gibi ne ƙaramar kyamarar bidiyo ta gida, wadda ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1980, ta fara cikewa.

Daren 3 ga Maris 1991

Bayan tsakar dare a ranar 3 ga Maris 1991, 'yan sanda suka tsayar da wata mota a unguwar Lake View Terrace ta birnin Los Angeles, bayan sun bi ta a guje na tsawon hanya. Direban, Rodney King, baƙar fata ne ɗan shekara 25, ya sha giya, kuma bai daɗe da fitowa daga kurkuku bisa sharaɗi ba. Ƙarar jirgi mai saukar ungulu ta tayar da wani mai gyaran famfo, George Holliday, wanda gidansa ke kallon wurin. Ya ɗauko sabuwar kyamararsa ƙirar Sony, ya tsaya a baranda ya fara ɗauka. Hoton ya nuna 'yan sanda sun yi wa King duka fiye da 50 da kulki, haɗe da shuri, yana ƙasa, sauran jami'ai kuma suna tsaye suna kallo. Ƙasusuwan fuskarsa sun farfashe, ƙafarsa ta karye.

Holliday ya fara tuntuɓar ofishin 'yan sanda, bai sami wanda ya kula shi ba, sai ya kai kaset ɗin gidan talabijin na KTLA. Cikin kwanaki kaɗan babu inda ba a gan shi ba. Aka gurfanar da jami'ai huɗu: Stacey Koon, Laurence Powell, Timothy Wind da Theodore Briseno. Aka kuma kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Warren Christopher, wanda rahotonsa na Yuli 1991 ya tabbatar da cewa akwai jami'an da suka saba yin amfani da ƙarfi fiye da kima, shugabanninsu sun sani, ba su tsawatar ba. Mutane da yawa sun ɗauka an gama magana, tunda ga abin a fili.

Yadda aka karanta hoton a kotu

An mayar da shari'ar garin Simi Valley, inda yawancin mazauna fararen fata ne. A tsarin Amurka, mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su ne ke yanke cewa wanda ake tuhuma ya aikata laifi ko bai aikata ba, kuma 10 daga cikin waɗanda aka zaɓa a wannan shari'a fararen fata ne. Masu gabatar da ƙara sun dogara ga bidiyon ƙwarai, har ba su kira King ya ba da shaida ba.

Lauyoyin 'yan sanda ba su ƙaryata hoton ba. Abin da suka yi shi ne suka rage masa gudu, suka yanka shi gunduwa-gunduwa, suka mayar da shi hotuna marasa motsi. Suka kawo wani sajan mai horar da 'yan sanda, Charles Duke, yana nuna kowane hoto yana bayani: nan King ya ɗaga ƙafa, alamar zai tashi ce, saboda haka dukan da ya biyo baya ya dace da horon da aka ba jami'in. Da wannan hanya aka mayar da duka guda mai ɗorewa ya zama jerin ƙananan matakai, kowane da uzurinsa. Suka kuma nuna daƙiƙoƙin farko na kaset ɗin, waɗanda ba su fito sosai ba, har gidajen talabijin suka riƙa yanke su, inda aka ga King ya tashi ya nufi wajen Powell. Masanin harshe Charles Goodwin ya yi nazarin wannan dabara a wata maƙala ta 1994, inda ya bayyana yadda ma'abota sana'a ke koya wa mai kallo ya ga abu da idonsu.

A ranar 29 ga Afrilu 1992 aka wanke jami'an, in ban da tuhuma ɗaya a kan Powell da aka kasa cim ma matsaya a kanta. A yammacin ranar tarzoma ta ɓarke a Los Angeles. Ta ɗauki kwana shida, mutum fiye da 60 suka mutu, aka yi asarar dukiyar da ta kai kimanin dala biliyan ɗaya. Daga baya gwamnatin tarayya ta sake gurfanar da jami'an bisa tuhumar tauye haƙƙin ɗan ƙasa. A wannan karo King ya tsaya ya yi bayani da bakinsa. A Afrilu 1993 aka sami Koon da Powell da laifi, aka ɗaure kowannensu wata 30, a 1994 kuma kotu ta ba King diyyar dala miliyan 3.8. Kaset ɗaya ne aka nuna a kotuna biyu, hukunci biyu mabambanta suka fito.

Ma'aunin da doka ta kafa

Ba a fahimtar wannan saɓani sai an san tambayar da dokar Amurka ke yi. A 1985, a shari'ar Tennessee da Garner, Kotun Ƙoli ta hana harbin mai gudu sai idan akwai dalilin ganin zai iya kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni. A 1989, a shari'ar Graham da Connor, kotun ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi bisa abin da jami'i mai hankali zai gani a wurin, a wannan lokaci, ba bisa abin da ya bayyana daga baya ba. Ta ce a duba girman laifin, da ko mutumin barazana ne nan take, da ko yana turjiya ko gudu, a kuma tuna cewa jami'i kan yanke shawara cikin ƙiftawar ido.

Wannan ma'auni ya sa tambayar kotu ta bambanta da tambayar mai kallon talabijin. Mai kallo yana tambaya ko abin da ya gani zalunci ne. Kotu tana tambaya ko jami'in na da dalilin jin tsoro. Kyamara na nuna motsin jiki, ba ta nuna abin da ke cikin zuciya, don haka ƙofar tawili ta kasance a buɗe.

Ita kanta Kotun Ƙoli ta taɓa faɗawa cikin wannan rami. A 2007, a shari'ar Scott da Harris, alƙalai takwas cikin tara suka kalli bidiyon motar 'yan sanda tana bin wani matashi a jihar Georgia har aka banke motarsa, jikinsa ya shanye. Suka ce babu mai hankalin da zai kalli hoton ya ce ɗan sandan ya yi laifi. Mai shari'a John Paul Stevens ya kalli hoton nan ya ga akasin haka. A 2009 Dan Kahan da abokan aikinsa biyu suka nuna bidiyon ga mutum 1,350. Mafi yawa sun goyi bayan kotun, amma an sami bambanci a sarari gwargwadon launin fata, da samun kuɗi, da ra'ayin siyasar mai kallo.

Zamanin wayar hannu

Holliday ya dace ne da yana da kyamara a gida. Daga ƙarshen shekarun 2000, kusan kowa na da ita a aljihu, kuma ba ya bukatar gidan talabijin kafin ya watsa abin da ya ɗauka. A daren 1 ga Janairu 2009 fasinjojin jirgin ƙasa a Oakland suka ɗauki wani jami'i, Johannes Mehserle, yana harbin Oscar Grant a baya yana kife a ƙasa. Jami'in ya ce bindigar lantarki ya yi nufin zarowa. Aka same shi da laifin kisa ba da gangan ba, aka yanke masa shekara biyu.

'Yan sanda a wurare da dama sun mayar da martani da kama masu ɗaukar hoton, suna fakewa da dokokin da suka hana naɗar murya a asirce. A 2007 aka kama wani lauya, Simon Glik, a Boston saboda ya ɗauki 'yan sanda suna kama wani matashi. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin ɗaukar jami'an gwamnati suna aiki a bainar jama'a, wasu kotunan ɗaukaka ƙara kuma suka bi sahu a shekarun da suka biyo baya.

Sakamakon shari'o'in bai tafi a layi ɗaya ba. A Yuli 2014 aka ɗauki Eric Garner a New York, wani jami'i ya shaƙe masa wuya, yana cewa ba ya iya numfashi har sau 11. Ba a tuhumi jami'in ba, sai a 2019 aka kore shi daga aiki. A Afrilu 2015 wani ɗan sanda a jihar South Carolina, Michael Slager, ya ce ya harbi Walter Scott ne don kare kansa. Bidiyon wani mai wucewa, Feidin Santana, ya nuna Scott yana gudu ne aka yi harbi takwas ta bayansa. Duk da haka shari'ar jiha ta watse ba tare da matsaya ba, sai a kotun tarayya Slager ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekara 20. A Yuli 2016 Diamond Reynolds ta watsa kai tsaye a Facebook yadda Philando Castile ke zubar da jini a cikin mota bayan ɗan sanda ya harbe shi a Minnesota, kuma a 2017 aka wanke jami'in. Hotonta ya fara ne bayan an riga an yi harbin.

Kyamarar hukuma

Bayan kisan Michael Brown a Ferguson a Agusta 2014, wanda babu bidiyonsa, aka yi ta kiran a maƙala wa kowane ɗan sanda kyamara a ƙirji. A Disamba na shekarar gwamnatin Obama ta ba da shawarar ware dala miliyan 75 don sayen guda 50,000. Amma wani babban gwaji da aka yi a birnin Washington kan jami'ai fiye da 2,000, wanda aka fitar a 2017, bai gano wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu sanye da kyamara da marasa ita.

Akwai kuma tambayar wanda ke riƙe da hoton. A Oktoba 2014 wani ɗan sanda a Chicago, Jason Van Dyke, ya harbi Laquan McDonald, ɗan shekara 17, har sau 16. Rahoton 'yan sanda ya ce yaron ya tunkari jami'ai da wuƙa. Kyamarar motarsu ta nuna yana kaucewa ne daga gare su. Hukumar birnin ta riƙe hoton wata 13, sai da alƙali ya tilasta mata sakinsa a Nuwamba 2015, a 2018 kuma aka sami Van Dyke da laifin kisa. Shaidar da ke hannun wanda ake zargi tana iya yin shekara a ɓoye, shi ya sa wayar mai wucewa ba ta rasa muhimmancinta ba.

Su ma masu kare 'yan sanda suna da hujjojin da ba a iya watsarwa. Kyamara na kallo daga kusurwa ɗaya, sau da yawa tana fara ɗauka bayan rigima ta yi nisa, kuma mai kallo a ɗaki yana iya maimaita hoto sau goma, alhali jami'in daƙiƙa ɗaya ya samu. An sha samun lokutan da cikakken bidiyo ya wanke jami'in da guntun bidiyo ya ɓata wa suna.

Minneapolis, 25 ga Mayu 2020

A yammacin wannan rana wani kanti ya kira 'yan sanda bisa zargin George Floyd ya biya da jabun dala 20. Sanarwar farko da rundunar ta fitar ta ce mutumin ya nuna alamun rashin lafiya yayin kama shi, aka kai shi asibiti ya mutu. Ba ta ambaci gwiwa ba. Wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a bakin titi ta ɗauki abin ba tare da yankewa ba. Hoton ya nuna Derek Chauvin ya danne wuyan Floyd da gwiwa, yana kife da ankwa a hannu, kuma a kotu aka ƙiyasta lokacin da minti tara da daƙiƙa 29.

A ranar 20 ga Afrilu 2021 aka sami Chauvin da laifi a tuhumomi uku, daga baya aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Bambancin wannan shari'a da ta 1992 yana cikin abin da aka kewaye hoton da shi. Masu gabatar da ƙara sun haɗa shi da hotunan kyamarorin jami'ai da na kantuna. Sun kira mutanen da suka tsaya a wurin ɗaya bayan ɗaya. Sun kawo likitan huhu, Martin Tobin, ya bi hoton daki-daki yana nuna yadda numfashin Floyd ya ƙare, wato dabarar da ta wanke jami'an Los Angeles ita ce aka juya a kan Chauvin. Mafi nauyi kuma, shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, ya tsaya ya ce abin da jami'insa ya yi ya saɓa wa horo da ƙa'idar aiki. Ita kuwa Frazier ta shaida wa kotu cewa takan kwana tana neman gafarar Floyd don ba ta yi abin da ya fi ɗaukar hoto ba. A Yuni 2021 hukumar lambar yabo ta Pulitzer ta karrama ta.

Watanni kaɗan bayan mutuwar Floyd, Nijeriya ta ga irin nata. Bidiyon da ya fito daga Ughelli ta jihar Delta a farkon Oktoba 2020 ya tayar da zanga-zangar da ta kai ga sanar da rusa rundunar SARS a ranar 11 ga watan. Amma hotunan abin da ya faru a Lekki ranar 20 ga Oktoba ba su kawo ƙarshen jayayya ba: kwamitin shari'a na jihar Legas ya ce an kashe mutane, gwamnatin tarayya ta yi watsi da rahoton.

Abin lura ga ɗalibin fiƙihu

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ɗaukar shaida, wato tahammuli, da bayar da ita a gaban alƙali, wato ada'i, sannan suka sa sharaɗin tantance adalcin mai shaida. Wannan rabe-rabe ya dace da tarihin da aka kawo. Kyamara ta sauƙaƙa matakin farko, ta kuma kare shi daga mantuwa da tsoro. Sauran matakan suna nan a wuyan mutane: wa ya ɗauka, daga ina, me aka yanke, kuma wa zai tsaya ya amsa tambayoyi a kai.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, ya tafi a kan cewa bayyina suna ne na duk abin da ke bayyana gaskiya, ba ta taƙaita ga shaidu biyu ba. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, ya keɓe babi a Tabsiratul Hukkam kan hukunci da alamomi. Mawardi kuwa, a Ahkamus Sulɗaniyya, ya sa duba zaluncin masu mulki a kan talakawa a farkon ayyukan kotun mazalim, ya kuma ba mai riƙe da ita faɗin bincike fiye da alƙali na yau da kullum, saboda wanda ake ƙara mai ƙarfi ne. Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, ya kuma yi umarni da bincika labari kafin aiki da shi a Suratul Hujurat. Umarnin farko ya hau kan mai riƙe da hoton, na biyu kuma ya hau kan wanda aka turo wa shi.

Kammalawa

Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta riƙa ƙirga mutanen da 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira, adadin kuma ya kasance kusan 1,000 ko fiye a kowace shekara, duk da yawaitar kyamarori. Yawancin waɗannan ba a tuhumar kowa a kansu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka harba suna ɗauke da makami. Abin da ya sauya shi ne matsayin rahoton ɗan sanda, wanda a da ake karɓarsa ba tare da tambaya ba. A Chicago, da South Carolina, da Minneapolis, rahoton farko ya faɗi wani abu, hoto ya nuna wani. Inda aka kai ga hukunci mai gamsarwa, an same shi ne saboda hoton ya tarar da shaidu masu tsayawa, da masana masu bayani, da shugabannin da suka ƙi rufa wa na ƙasa da su asiri.